A Hau Da Motar Nan Kan Rami Kafin Asabar

Zuwa ga Malam Habu, shugaban Zauren Gindin Bedi, da sauran masu kula da wannan zaure namu na waya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku gaisuwar girmamawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku, da fatan an ji da hidimar jama'a.

Sunana Sule, mai walda da gyaran jikin mota a nan Daura, wanda kuka fitar daga zaure ranar Larabar makon jiya. Tunda yanzu ba ni da bakin magana a ciki, sai na zo shagon Malama Binta mai buga takardu, ina faɗa tana bugawa. Zan kai wa kowannenku kwafi har gida, in liƙa ɗaya a ƙofar garejina. Ban so abin ya kai mu nan ba, amma lokaci ya ƙure.

Shekara huɗu ke nan ina cikin zauren nan, kuma ba zan yi butulci ba, na ci moriyarsa. A nan na koyi yadda ake hana waya shanye data ba gaira ba dalili. Lokacin da firintar Malama Binta ta riƙa tauna takarda, da safe ta ɗora hoto, kafin azahar mutum uku sun gaya mata robar da ke jan takardar ce ta cinye, kuma ita ce ɗin. In kuwa wani ya tambayi wane layi ne sabis ɗinsa ya fi gudu a Kongolam, ai ranar babu mai hutawa. Wannan ya turo hoton gwajin da ya yi, wancan ya ce bai yarda ba, kan katanga ya hau ya gwada, a yini ana yi wa kamfanonin waya tas. Ban taɓa ganin an goge wa kowa saƙo a kan haka ba, kuma daidai ne, domin ta haka mutum yake sanin abin da zai saya.

Ga abin da ya kawo ni.

Na farko, yadda abin ya faru. Ranar Litinin ta makon jiya wani Alhaji daga cikin dattawan zaure, wanda ba zan kama sunansa ba don kun san shi, ya ɗora hoton motarsa ya ce ta sayarwa ce. Doguwa ce mai kujera layi uku, irin wadda ake lodin Katsina da Kano da ita, ta sha sabon fenti tana ƙyalli. Kamar yadda muka saba, jama'a suka jeru a ƙarƙashin hoton suna Allah ya kawo kasuwa. Can da yamma sai ga saƙon Malam Isiyaku, wani manomi da ke wani ƙauye gaba da Dutsi, wanda ya daɗe yana cewa yana son ya sayi mota ya riƙa ɗaukar fasinja idan an gama aikin gona. Tambayarsa a fili take: ko akwai wanda ya san motar, kuma za ta iya hanyar Daura zuwa Katsina da lodi? Amsar da ya samu addu'a ce, sai wani da ya ce injin irin wannan ba ya mutuwa.

Ni na san motar. Ina ganin hoton bayanta na gane ta, domin mariƙin ƙofar baya ba na kamfani ba ne, rodi ne aka lanƙwasa. Damina biyu da suka wuce direban Alhaji ya kauce wa shanu a hanyar Mai'adua ya daki kwalbati da ita. Shasinta, wato ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da dukkan motar, ya karye ta gaba a hannun hagu, daidai inda ƙafar mota take kamawa. An haɗa shi da walda. Irin wannan haɗi yana riƙe mota a hanyar gona, a hankali, da 'yan buhuna. A kan kwalta kuwa, da gudu, da mutane cike, rami ɗaya ya isa ya buɗe shi, kuma ba ya yin gargaɗi kafin ya buɗe.

Ban yi gaggawar rubutu ba. Ni ma ɗan garin nan ne, na san ba a shiga cinikin mutane a watsa, na kuma san ba a yi wa babba gyara a bainar jama'a. Ranar Talata bayan la'asar na je ƙofar gidan Alhaji, na durƙusa na gaishe shi, na tuna masa da maganar shasi, na roƙe shi ya faɗa wa mai saye. Ya yi dariya, ya ce shekara biyu motar tana aiki ba ta taɓa yin ƙorafi ba, kuma mai saye yana da ido. Na ce masa ai an fesa wa ƙasan baƙin fenti, ido ba zai gani ba. Sai ya tambaye ni lafiyar mahaifiyata, na gane an sallame ni.

Ranar Laraba da safe na rubuta a zaure cewa shasin motar ya taɓa karyewa, kada a sa mata fasinja sai an duba. Saƙon bai yi tsawon shan kofin shayi ba aka goge shi, aka fitar da ni. Emeka mai sayar da kayan gyaran mota, maƙwabcina a layin gareji, shi ya nuna mini a wayarsa sanarwar da kuka fitar bayan haka, cewa an cire wani saƙo na ɓatanci bisa doka ta huɗu, wadda ta hana ɓata ciniki da cin mutuncin manya. Babu wanda ya kira ni ya tambaye ni inda na samo maganar.

Na biyu, abin da sanarwarku ta jawo, wanda nake jin ba ku sani ba. Garin su Malam Isiyaku babu sabis sai mutum ya hau tudun bayan makarantar firamare, shi ya sa saƙonni suke zuwa masa a tare, sau ɗaya ko biyu a yini. Ku da kuke auna gudun sabis kullum kun fi ni sanin wannan. Kafin ya hau tudun, saƙona ya tafi. Abin da ya tarar shi ne addu'o'in jama'a da sanarwar shugabanni cewa wani ya yi ɓatanci an kore shi.

Ranar Lahadi na hau babur na same shi har gida. Mutumin kirki ne, ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka dama mini fura, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce ya gode, amma shugabannin zaure sun riga sun duba maganar sun ce ɓatanci ne, kuma su ba yara ba ne. Ya ce ya kai bakanike ya saurari inji, ya duba hayaƙi, ya ce lafiya lau. Gaskiya ne, injin ba shi da laifi. Na ce masa to ya roƙa a hau da ita kan ramin gareji a duba ƙasan. Sai ya ce da wane ido zai dubi dattijo kamar Alhaji ya ce masa haka bayan an riga an sallama, ai kamar ya ce masa maƙaryaci ne. Shanun nomansa biyu ya sayar saboda motar nan. Takardu kawai ake jira, Asabar mai zuwa zai karɓe ta, washegari ya shiga layi a tasha.

A hanyar dawowa raina ya ɓaci ƙwarai, har na tsaya a gefen titi na kashe babur. Ba shi na ji wa haushi ba. Mutumin ya yi abin da ya kamata, ya tambayi jama'arsa, ya kuma yarda da shugabanninsa. Malam Habu, maganarka ce ya riƙe ya ajiye tawa.

Na uku, laifina, don kada ku ce na wanke kaina. Na yarda saƙon nan nawa ya yi zafi. Na ƙare shi da cewa duk wanda ya ɓoye wannan zai amsa tambaya a gaban Allah, kuma ba ni da hurumin yi wa sa'an mahaifina wa'azi a gaban 'ya'yansa da ke cikin zaure. Wannan kam ina neman afuwa. Haka kuma ba yau na fara ganin motar da na san cikinta an ɗora a zaure ba. Na sha rubuta Allah ya kawo kasuwa a ƙarƙashin motar da na san rabin jikinta ciko ne aka shafe da fenti, in ce a raina ba ruwana, ado ne kawai, ba ya kashe kowa.

Amma babban laifina shi ne abin da na ƙi faɗa a saƙon. Ni na yi waldar. A garejina aka jawo motar, ni na kwanta a ƙarƙashinta yini biyu, na ɗora faifan ƙarfe ciki da waje na ɗinke. Ni na lanƙwasa rodin ƙofar baya. A ranar na gaya wa Alhaji cewa ta gona ce kawai daga yau, ya ce dama taki da hatsi za ta riƙa kai masa. Na ɓoye wannan a zaure saboda ina tsoron a ce aikin Sule ba ya riƙo, masu kawo mini gyara su gudu. Da na faɗa tun farko, wataƙila da kun tsaya kun yi tunani kafin ku goge, domin ba a yi wa aikin hannun kai hassada. To yanzu na faɗa, kuma ga shi a takarda. In kasuwata za ta ragu a kan haka, ta ragu.

Na huɗu, dokar nan ta huɗu. Na san dalilin kafa ta, ina nan lokacin da dillalai biyu suka mayar da zaure filin zage-zage, kuma na goyi baya. Sai dai na yi ta juya abin a raina kwanakin nan. A zaure ɗaya, in firinta ce ko layin waya, kowa gwani ne, kowa yana faɗar aibu ba tsoro, saboda mai kamfanin ba ya sallah a sahunmu. Da an zo kan kayan mutumin da za mu haɗu da shi a ɗaurin aure ko jana'iza, sai bakinmu ya mutu mu koma addu'a. Kunya abu ce mai kyau, da ita aka rene mu, ni ma ba na son ranar da za ta ƙare a Daura. Amma malamanmu sun karantar da mu tun muna yara cewa ba ya halatta a ɓoye aibun kaya ga mai saye, kuma ban taɓa jin sun ce sai dai in mai kayan babba ne ba. Firinta in ta lalace takarda ce take ɓaci, ita kuwa wannan mutane za ta ɗauka.

Saboda haka ina roƙonku abu uku.

Ɗaya, kafin Asabar a hau da motar nan kan rami, a garejin da kuka zaɓa, da bakaniken da kuka zaɓa, ba sai ina wurin ba. A kankare baƙin fentin da burushin waya ta gaba a hannun hagu, Malam Isiyaku yana tsaye yana kallo. Ku ne za ku iya neman wannan a wurin Alhaji cikin mutunci, a matsayin wanke sunansa daga abin da na faɗa, ba tare da kowa ya ji kunya ba. In ba a ga walda ba, zan je ƙofar gidansa da rana tsaka in ba shi haƙuri a gaban duk wanda kuka tara.

Biyu, Malam Habu, ka kira Malam Isiyaku da bakinka, kira ba saƙo ba, in bai shiga ba ka aika mutum. Ka gaya masa gaskiya cewa ba ku bincika maganar ba kafin ku kira ta ɓatanci. Wannan kaɗai ya isa ya ba shi ƙarfin cewa a duba.

Uku, idan ƙura ta lafa, ku zauna ku raba zagi da faɗar aibun kaya a cikin dokar, kuma a riƙa tambayar mutum hujjarsa kafin a goge. Maganar mayar da ni zaure ba na saka ta a cikin roƙo, ku yi yadda kuka gani.

Ba na son Alhaji ya tozarta, ya yi mini alheri a baya kuma ban manta ba. Motar tana da masu saye, akwai manoma da yawa da za su so ta a kan abin da take, in an gaya musu. Abin da ba zan iya ba shi ne in zauna a gareji ranar Lahadi ina jin ana kiran Katsina saura mutum ɗaya. Ta hanyar nan matanmu suke zuwa asibiti, ta nan 'ya'yanmu suke komawa makaranta, kuma mai shiga mota a tasha ba ya leƙa ƙarƙashinta. Mutum tara za ta ɗauka ban da direba, dukkansu a kan ɗinkin da na yi da hannuna, kuma ni na san iya nauyin da zai ɗauka.

Allah ya yi muku jagora a kan wannan amana da kuka ɗauka ba don a biya ku ba. Allah ya ƙara wa Alhaji girma da lafiya, ya ba Malam Isiyaku abin hawa mai albarka, ya tsare matafiyanmu a duk inda suka nufa. Ni kuma Allah ya yafe mini shirun da na yi.

Wassalam.

Naku,
Sule mai walda,
Daura.