Ƙudan Zuma a Bakin Tegid

Porthmadog, watan Maris

Kakata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar taki da wannan ruwan saman da ya ƙi ɗaukewa? Tunda kin rantse ba za ki saƙala na'urar nan ta ƙara ji a kunne ba balle a kira ki a waya, to ga takarda, ki lalubo tabaranki, tsohuwa mai taurin kai. Ki zauna tukuna, don labarin murna ne.

Kaka, an gano ƙudan zuman Tegid!

A gutsure Mama ta ba ki labarin, bari in ba ki shi ɗungurungum. Tun Oktoba ƙanin nan nawa ya daina cin abinci, yana ta dukan kuncinsa yana cewa akwai ƙudan zuma a bakinsa. Na kai shi sashen gaggawa na asibiti. Na gaya musu yana da lalurar nan ta otizim da aka haife shi da ita, hayaniya da hasken fitila suna gigita shi, na roƙi a ba mu ɗaki ko da na ajiye tsintsiya ne. Aka ce mu jira kamar kowa. Da abin ya fi ƙarfinsa sai ya toshe kunne ya fasa ihu, mai gadi ya rungumo shi ta baya. Kin dai san Tegid da taɓawa. Ya hankaɗa shi, mutumin ya faɗi ya karye a hannu.

'Yan sanda suka shiga da shi ɗaki shi kaɗai, ni ina waje ina buga ƙofa. Suka ce, "Kai ka ture shi?" Ya ce, "E." Suka ce, "Da gangan?" Ya ce, "E, so nake ya sake ni." Shi ke nan, wai ya amsa laifi. Likitan da suka kira ya ji zancen zuma ya ce taɓin hankali ne. Haka aka kwashe shi zuwa wani asibitin kulle can Ingila, ana ɗura masa maganin barci, mutumin da bai taɓa kwana a gadon da ba nasa ba.

To, makon jiya aka kawo sabuwar likita, Dakta Pugh. Ta same shi a ƙasa ta zauna gefensa, ba ta ce sai ya kalle ta ba. Ta ce, "Tegid, zuman nan a ina ya yi gida?" Sai ya wangale baki ya nuna mata. Kaka, haƙori ne! Ya ruɓe, ƙurji ya ci har cikin muƙamuƙi. Duk watannin nan ba wanda ya tambaye shi.

An cire shi shekaranjiya. Jiya ya kira ni da kansa, ya ce, "Nesta, zuman ya tashi." Na fashe da kuka a tsakiyar kanti. Shi kuwa ko a jikinsa, tambayata yake ko har yanzu ana soya kifi da dankali a bakin gada.

Saura kotu a watan gobe. Ki sa shi a addu'a idan kin je coci.

Jikarki da ta fi ki kyau,
Nesta

Porthmadog, watan Afrilu

Kaka tawa,

Ina gaishe ki, ina fatan tarin ya sake ki. Na ga amsarki, kuma zancen wadda ta fi kyau mu bar shi sai na zo.

An sallame shi! Ki sake karantawa, an sallame shi!

Na sha fargaba da lauyan gwamnati ya miƙe ya karanta "E" ɗin da Tegid ya ba 'yan sanda. Lauyarmu, Misis Parry, ta kawo bayanin haƙorin, ta kuma tambayi dalilin da ya sa aka yi masa tambayoyi ba kowa nasa a kusa. Ɗan sandan ya kama susar ƙeya. Amma wanda ya ba ni mamaki shi ne mai gadin, Mista Bevan, wanda na yi wata da watanni ina tsine masa a zuciya. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ni kamawa kawai aka koya mini. Da na san ciwo ne yake cinsa, da kujera zan jawo masa."

Alƙaliya ta kori ƙarar, ta tambayi Tegid ko yana da magana. Ya juya wajen Mista Bevan, idonsa a kan takalmin mutumin, ya ce, "Ka daina kama mutane ta baya." Mista Bevan ya ce, "Na ji, ɗan'uwa." Har alƙaliyar sai da ta rufe baki da hannu.

Ba zan ce komai ya koma daidai ba. An ba wani aikinsa na lambun furanni, asibitin bai ce mana ko sannu ba, kuma da ya ji ƙarar makullai sai ya maƙale a bango. Amma yana gida, a kan gadonsa. Ran Asabar muna tafe. Ya ce ki dafa romon rago, kuma ban da runguma, hannu kawai.

A mota muna dawowa daga kotu ya ba ni labarin wani dattijo, Meirion, da ke ɗakin kusa da nasa a asibitin. Ba ya magana, kullum cizon hannunsa yake, kuma ba mai zuwa duba shi. Tegid ya ce, "Nesta, shi wa zai tambaye shi inda yake masa ciwo?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To ki kira Dakta Pugh." Na ce sai mun isa gida. Ya ce, "Tsaya nan ki kira."

Na gangara gefen titi, Kaka, na kira ta.

Taki har kullum,
Nesta