Takunkumin Duna

Daren Laraba, Mpape

Duna ya sake dawowa daga bola da ƙashin kaza a baki. Maƙwabciyata Maman Blessing ta ce an barbaɗa maganin ɓera a wurin tun jiya. Tun da yara suka watse, karen nan kaɗai ya rage mini a gidan.

Na gangara kasuwa neman takunkumi. Mai shago ya miƙo mini ƙyallen rufe hanci, ragowar zamanin korona.

Na ce, "Alhaji, na kare nake nufi."

Ya ce, "Baba, shi ma tarin yake yi?"

Shi da mutanen shagon suka yi ta dariya. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina koyar da Hausa, yau ni ake yi wa dariya a kan kalmar da kowane mai jaki ya sani.

A shagon maganin dabbobi na samu iri biyu. Na bar na yadin da ke matse baki, na ɗauki na waya mai kama da kwando, don ya iya haki da shan ruwa.

Tun da na ɗaura masa ya juya mini baya, ya ƙi kallona. Ya yi ta fushinsa, in dai da ransa.