Hatimin da Ya Kusa Korar Dogo

Litinin, 3 ga Maris
An ce Dogo na sashen talla ya aika wa babban abokin cinikinmu imel na zagi. Ya rantse bai yi ba. Manaja ta ce in bincika, tunda ni ke kula da kwamfutocin kamfani, in nasa ne a sallame shi ranar Juma'a. Dogon da ke kwaikwayon maganata a ɗakin shayi, yana ce mini "Baƙo mai wayoyi". Yau ga shi a hannuna.
Na leƙa shafin sayar da tikitin komawa gida a intanet, kamar kullum.

Talata, 4 ga Maris
Manaja ta turo mini saƙon. Duk imel ɗin da ya fita daga kamfaninmu, na'urarmu kan buga masa hatimi a ɓoye. Na duba: hatimi ya inganta, wato daga cikin gida ya fito. Na yi murmushi, Allah ya yafe.

Laraba, 5 ga Maris
Abin ya ƙi kwanta mini. Na sake dubawa. Ashe hatimin turawar manaja ne! Abokin cinikin ya tura mata, ita ta turo mini, kowace turawa da sabon hatiminta. Ambulan ɗinta nake ta karantawa, ba na mai zagin ba. Na ce a roƙi mutumin ya maƙalo ainihin saƙon yadda ya same shi. Ta ce, "Malam, kana son wahalar da mu." Na ce ai don wahalar aka ɗauke ni.

Alhamis, 6 ga Maris
Ainihin saƙon ya iso. Babu hatiminmu ko kaɗan, na'urar da ta aiko kuma ba ta cikin waɗanda muka ba izini. Sunan Dogo kawai aka liƙa a goshi. Na haska wa manaja da Dogo a allo, layi bayan layi, ba wanda ya katse ni. Dogo ya dafe kai ya zauna. Na sauko matakala kamar ni na gina ta!
Na kira uwar yara. Ta ce, "Mai yi maka dariyar nan ka ceta?" Na ce ba shi na ceta ba, hatimi na karanta. Ta ce, "To, sannu, alƙali."

Litinin, 10 ga Maris
Dogo ya ajiye mini shayi a tebur. "Baƙo, sha da zafinsa." Sukari ya yi yawa. Na shanye.
Ban leƙa shafin tikiti ba yau. Aiki ne ya yi yawa, ina jin.