Rakiyar Tudun Aduwa

Zuwa ga aminina Mamman, manomi, Mabera, Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da Baba da duk mai cin tuwo a gidanku. Yaya gona, yaya aka ji da damina? In ka tambaye ni, ina nan da rai, alhamdu lillahi, sai dai wata gajiya da barci ba ya maganinta.

Kada ka ga laifina don na sa maganarmu a jarida. Na aiko maka wasiƙu ta gidan waya har na gaji da lasar kan sarki, ko ɗaya ba ka amsa ba. To yanzu ga ta a bainar jama'a. In kai ba ka karanta ba, wani zai karanta maka a bakin kasuwa, ka ji kunya.

Bari in ba ka labarin inda nake. Garin da gwamnatin soja ta turo mu koyon aikin hanya a nan Amurka, unguwa ce ta bayan birni, gidaje a jere kamar an auna da igiya, babu zaure, babu mai zama ƙofar gida. A bayanta akwai tsaunuka da dajin da hukuma ta killace. Sun fitar da 'yan hanyoyin ƙafa a ciki, sun shafa wa itatuwa fenti don kada mutum ya ɓata. Ran Asabar sai ka ga mutum ya sa takalmi mai nauyi, ya goya jaka, ya tuƙa mota ya je gindin dutse don ya yi tafiyar ƙasa. Ya hau, ya sauko, ya shiga motarsa. Ba gona ya je ba, ba gaisuwar mutuwa ba, ba kasuwa ba. Da farko dariya na yi ta yi musu. Yanzu ni ne kan gaba wajen hawa, don nan kaɗai ƙirjina ke buɗewa.

Kuma duk hawan da na yi, kai nake gani.

Ka tuna yadda muka saba? Kai ka biyo Baba kawo gero kasuwa, ni ina gadin rumfar yadin mahaifina. Daga nan ka fara zuwa gidanmu a Ƙofar Rini. In za ka koma sai in raka ka, mu fita gari, mu bi ta tsakanin gonaki, mu kama 'yar hanyar nan da ta hau tudun marmara. A can bisa akwai aduwa guda ɗaya, mu muka raɗa wa wurin suna Tudun Aduwa. Daga nan in ka juya baya kana ganin birni kwance da hayaƙin girkinsa, in ka dubi gaba sai gero har inda ido ya tsaya.

Nan ya kamata rakiya ta ƙare. Kai za ka ce mini in koma haka nan, ka gode. Sai in juya. Kafin in sauka gangara sai in ji sawunka a bayana, wai ai ba a barin wanda ya yi rakiya ya koma shi kaɗai. Ka rako ni har bakin gonaki, ni kuma in ce ai ban isa in bar ka ka hau tudu kai ɗaya ba. Mu sake hawa. Haka za mu yi ta yi, muna tsotsar aduwa muna gardamar banza, sai kiran magariba ya raba mu, kowa ya ruga. Kullum kana yi mini tsiya: "Kai dai ɗan birni na, ƙahwarka awa ta amarya." Ni kuma in ce maka baƙauye mai kaushin da ke kashe ƙaya.

Innata ta sha cewa, "Ku biyun ga, ran da guda zai bar garin ga, sai an kai alƙali bisa tudu shi raba ku."

Ba a kai alƙali ba. Mota aka aiko.

Ka san abin da ya faru, amma bari in faɗa yadda ni na gan shi, don ba ka taɓa ji daga bakina ba. Mun yi da kai za ka zo da hantsi, ka raka ni da ƙafa har tudu, mu yi sallama a can, sannan in sauko in shiga motar da za ta kai mu Kano mu hau jirgi. Sai motar ta zo tun ana shan kunun safe, da soja a gaba yana duba agogo. Na ce ina jiran mutum, ya ce gwamnati ba ta jiran kowa. Aka jefa akwatina a baya. Muna karya kwanar unguwa na hango ka tafe, sanye da farar rigarka ta salla, da ƙullin aduwa a hannu. Na buga wa direba kafaɗa, ko waiwayowa bai yi ba. Ka tsaya cik a tsakiyar hanya. Ba ka ɗaga hannu ba.

Sai da aka daɗe na gane dalilin shirunka. Inna ta aiko mini da kaset, kowa na gida ya yi magana a ciki, har mai kawo mana ruwa. Can wajen ƙarshe ta ce sun kira ka ka gaishe ni, ka ce, "Wa ka yi ma mutumin da ke cikin gari kaset? Ni ban raka shi ba, don haka bai tahi ba. Shina nan." Ta faɗa tana dariya. Amma a bayan muryarta na ji gyaran muryar nan taka, daga wajen zaure. Kana zaune a wurin, Mamman. Na maimaita wurin nan har zaren kaset ɗin ya tsinke, na liƙe shi da gam.

Gaskiya na ji haushinka, har yanzu ma da saura. Ni ke cikin ƙasar da in ka yi sallama a ƙofar mutum sai ya leƙo ta taga ya tambaye ka me kake so. Ni na yi azumi ni kaɗai, na sha ruwa a tsaye a ɗakin karatu. Layi biyu daga gare ka da sun ishe ni shekara. Ka hana ni, a kan abin da ba ni na yi ba.

Amma in zan yi adalci, na san ba ƙiyayya ba ce. Tun muna yara ba ka iya cewa sai wata rana ba, shi ya sa kake biyo ni gangara. An ƙwace maka hanyar da ka sani ta rabuwa da mutum, sai ka ƙi rabuwar gaba ɗaya. Taurin kai ne, amma na san inda ya fito.

Akwai wani tsoho maƙwabcina a nan, matarsa ta rasu, tare muke hawan dutsen. Ranar farko da muka sauko na bi shi har ƙofar gidansa, sai ya juyo ya tambaye ni ko na manta wani abu a wurinsa. Na yi masa bayanin rakiya. Ya saurara, ya shige gida. Da Asabar ta zagayo, na kai shi ƙofa na juya, sai na ji ƙarar sandarsa a bayana. Ya rako ni, na mayar da shi, ya sake biyo ni yana haki yana dariya. Daga bisani ya tsaya ya ce, to wannan abu yaushe yake ƙarewa? Na ce sai an kira salla. A garin nan kuwa ba a kira.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. A kaset na baya Inna ta ce kamfanin da ke shimfiɗa sabuwar hanya yana ɗibar marmara daga tudunmu, tifofi na ta jigila, an cinye gefen da ke kallon birni. Ba zan zage su ba. Kuɗin man fetur ɗin nan ya sa mutane sun haukace, kowa na sauri ba ya tsayawa gaisuwa, amma hanya alheri ce, mai naƙuda za ta isa asibiti da rai. Kuma aikin da aka turo ni in koya ke nan, gobe ni ma wani tudun zan sa a fasa. Sai dai ta ce aduwar tana nan tukuna, a tsaye a bakin rami.

Karatu ya ƙare. Wasu cikinmu sun sami aiki a nan, sun ce ba su komawa ƙarƙashin masu bindiga. Ni ma an yi mini tayi, na kuwa yi ta juya shi a raina, don mutum ba ya son ya koma inda aka daina amsa masa. Na ƙi karɓa. Ina tafe bayan ƙaramar salla, in Allah ya yarda.

Juma'ar farko da isowata, bayan la'asar, zan hau Tudun Aduwa, ko abin da ya rage daga cikinsa. Ba tarye nake roƙo ba, tun da a wurinka ban je ko'ina ba. Rakiyata za ka zo ka yi. Ka sa farar rigar in tana shigarka. In ba ka zo ba, zan zauna har a kira magariba, in sauko ni kaɗai, in san cewa da gaske na tafi. In ka zo, Ƙofar Rini za mu nufa, kuma kada ka jira in ce maka koma haka nan, don ba zan ce ba.

Allah ya sa albarka a gonarka, ya raya maka zuri'a, ya ƙara wa Baba da Inna lafiya. Allah ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya sassauta zuciyar aminina, ya tsayar da aduwar nan har mu iske ta. Amin.

Naka mai ƙafar amarya, wadda yanzu ta yi kaushi,
Umaru na Ƙofar Rini.