Abin da Madam Ta Ce

Litinin, 24 ga Yuni, 1957, Magaria

Baturen ƙungiyar matasa ya ce in nemo mutum biyar in jagorance su zuwa Faransa, wani ƙauye da ruwa ya cinye. “Wolontar” ya kira su, wato ƴan sa-kai. Da na faɗi kalmar a Dogo-Dogo tsofaffi suka bushe da dariya, wai da ita aka ɗaure su da igiya zuwa aikin hanya. Na rantse musu gayya ce irin tamu. Na samu huɗu. Sabo magini ya bar wa ƙanensa gona ba a yi noman farko ba. Uwarsa Yakura ta tsare ni da ido, ta kira ni yadda ake kiran ƴan boko a nan: “Mushe, ba ya jin yarensu. Kai ne kunnensa.”

Laraba, 3 ga Yuli

Jirgin sama. Kowa ya yi amai ban da Labbo, tsohon sojanmu, wanda ya yi barcinsa.

Asabar, 6 ga Yuli

Duwatsu ko ta ina, ga sanyi a tsakiyar damina. Laka ta kai taga a gidaje. Akwai ɗaliban Turawa kamar ashirin, su suna kwana a lakwal, wato makarantar ƙauyen, mu an ba mu rumbun awaki. Na ce wa mutanena don mu sake mu yi salla ne. Sun ma yi godiya.

Talata, 9 ga Yuli

An ɗiga wa kofunanmu jan fenti, guda biyar. Sabo ya ce in tambayi Madam mai dafa abinci. Ko juyowa ba ta yi ba, ta ce ba za ta wanke na baƙaƙe da na mutane a ruwa ɗaya ba.

Na ce wa Sabo don kada a zuba mana giya a ciki ne.

“Kai, matar nan ta san addini,” in ji shi. Har ya rusuna mata. Na rasa inda zan sa idona.

Jumma'a, 19 ga Yuli

Aikin cikin ɗakuna na ɗalibai ne. Namu ramin masai da mushen shanu. Yau na sa kwat ɗina na je gun shugaban sansani, na tsara masa Faransanci wanda ko malamina ba zai sami kuskure a ciki ba. Na ce doka ta ce dukanmu ƴan ƙasa ɗaya ne. Ya dafa kafaɗata, ya ce mutanen ƙauye ne, sai haƙuri. Wai ni ai ba kamar sauran ba ne, akwai gado a lakwal idan ina so. Ya zuba mini kofe a kofi marar fenti.

Na sha. Da daɗi kuma, abin haushin ke nan.

Gadon dai ban karɓa ba. Ina ta nanata wa kaina wannan kamar wata bajinta.

Lahadi, 28 ga Yuli

Ruwa ake yi a gida yanzu? Gonar Sabo nake tunani.

Alhamis, 8 ga Agusta

Sabo na gina bangon wani tsoho, dutse a kan dutse, tsaf. Tsohon ya tsaya yana kallo, ya ce wa maƙwabcinsa ashe biri ma yana koyon sana'a. Sabo ya dube ni. Na ce yabon hannunka yake.

Da hantsi muna cin burodi a bakin rafi Labbo ya matso.

“Mushe, shekara huɗu na yi a bariki. Biri na cikin kalmomin da na fara koya.”

Na ce, “Yaya Labbo, gudun ɓacin ransu nake.”

“Su ba su san mu ba, sun raina mu, wannan tsohon labari ne. Kai da ka san mu fa? Yara ka ɗauke mu?”

Na ajiye burodin na koma bakin aiki.

Asabar, 10 ga Agusta

Na gaya musu. Rumbu, kofuna, biri, kalma bayan kalma. Na zaci Sabo zai zage ni, da ya fi mini sauƙi. Ya daɗe yana murza laka a yatsunsa, sannan ya ce, “Ka bar ni ina rusuna mata wata guda.”

Ya tashi ya koma kan bangon. Ya ce ba ya barin gini rabi, ko na wane ne. Tun daga nan idan yana son wani abu Labbo yake tambaya.

Jumma'a, 30 ga Agusta, Magaria

Mun dawo. Ciyawa ta fi ƙarfin ƙanen Sabo, rabin gonar ya tafi. Yakura ta yi mini sannu da hanya har da fura. Sabo bai gaya mata komai ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Kasuwar Sassumbrum da Baturen ƙungiya, yana neman mutum goma na baɗi. Ni ne tafinta. Mutane suka yi ta tambaya, wa zai yi musu noma, ina za a kwana. Ya gaji, ya yi tsaki, ya ce a hankali jakuna sun fi waɗannan saurin ganewa. Wani dattijo, Harouna, ya ce, “Mushe, me ya ce?”

Ban shirya ba. Gajiya ce kawai, ina jin. Na faɗa masa yadda aka faɗe ta.

Aka fara kaɗe riguna ana watsewa. Baturen ya tambaye ni me ya same su.

Na ce masa zafin rana ne.