Sun Shuka Furanni a Gurbin Rumfata

Zuwa ga Yaya Lauwali, Gwiwa.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inno da yara. Yaya damina? Ni lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Ka aiko kana taya ni murna, wai garin nan zai karɓi babbar gasar wasanni, ciniki ya zo. Yaya, ranar Talata aka rushe rumfar shayina ta bakin filin wasa. Jami'in da ya kawo motar rusau, kullum a bencina yake karyawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, laifin me na yi?" Ya ce ba za a bari baƙi su ga ƙazanta ba. Ashe ni ne ƙazantar! Yanzu furanni suka shuka a wurin, ana ba su ruwa safe da yamma, mu kuwa famfon unguwarmu ya ƙafe.

Don Allah kada Inno ta ji. Ina kwana a shagon wani ɗan Roni, butata ma ta tsira. Ka bar mini wuri a ɗakin zaure. In gasar ta wuce ba su mayar da mu ba, da ni za a yi girbi.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Ukasha