Na Yanke Wa Tattabarunka Fiffike

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Na so in ce ina kwana, sai na tuna ban san yadda ake gaisuwa a inda kake ba. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Amma kai ka ce tun da na samu sartifika in riƙa rubutu kada hannuna ya manta, kuma abin da ke cina ba zan iya faɗa wa mai rai ba.

Gida lafiya. Inna ta koma kan kekenta, tana karɓo ɗinki daga wata madam a unguwar Kalley. Ƙanena Habu ya shiga lakkol, makarantar boko, kullum sai ya dawo da takalmi ɗaya. Kawu Laminu yana nan da taksinsa a bakin filin jirgi, shi ke kawo mana cefane da labari.

Baba, maganar tattabarunka ce.

Ranar Talata da hantsi ina wanke-wanke, babban jirgin nan da ke bi ta saman unguwarmu ya tashi. Ka san mun saba, ko kai ba mu ɗagawa. Sai muka ji dum! Kwanon da ke hannuna ya faɗi. Na duba sama na ga wuta tana tsartuwa ta bayan inji ɗaya. Inna ta fito tana salati, da zare a bakinta. Jirgin bai faɗo ba. Ya ci gaba da hawa a hankali, ya yi wajen kogi har ya ɓace, can sai ga shi ya kewayo ya sauka.

Da Kawu ya zo cin abinci ya ce tsuntsu ne ya shiga injin. Wani fasinja da ya ɗauko ya gaya masa matuƙin ko murya bai ɗaga ba. Ya kashe injin da ya lalace, ya riƙe jirgin da ɗayan, ya sanar da na ƙasa su buɗe masa hanya, sannan ya gaya wa mutane za a koma. Motocin kashe gobara suna jira, amma ko ƙwarzane ba wanda ya yi. Kawu yana ta dariya, wai tsuntsun da bai isa miya ba ya mai da manyan alhazai gida. Kowa ya yi dariya. Ni na tsame hannu daga tuwon.

Ni na buɗe wa tattabarun da safen ranar, Baba. Kai in ka sake su, da lokacin jirgi ya kusa sai ka yi fito, ka kaɗa gwangwanin hatsi, su zubo kamar ruwa. Ni gwangwanin kawai nake kaɗawa. Inna ta ce 'ya mace ba ta fito, kuma ko ba ta hana ba, ina zan sa fuskata in samarin maƙwabta suka ji? Wasu su dawo, wasu sai sun ga dama. Ran nan da yamma duk sun shiga tukwanensu, ban da Ɗan Tawa, farin nan mai baƙin wuya da ka zo da shi cikin aljihun riga.

Shi ne, Baba? Kawu ya ce ya ji shirwa ce, irin masu shawagi a kan juji. Mai butikin da muke sayayya a wurinsa ya rantse belbela ce. Ba wanda ya ce tattabara. To in ba shi ba ne, ina ya tafi? Da matuƙin nan ya ruɗe fa? Ina sharar tsakar gida sai in tsaya ina tunanin mutanen da ke cikin jirgin, da 'ya'yansu da ke jira a gida. Na san yadda jira yake. Yanzu ko babur ya wuce sai na ɗaga kai.

Shekaranjiya mai unguwa ya bi gida-gida da wasu mutane daga filin jirgi. Ba su yi faɗa ba. Sun ce a kwashe juji, kuma duk mai tattabaru ya rabu da su kafin Juma'a. Inna ta ce Kawu ya kai su kasuwar Petit Marché. Na san masu saye a can wuƙa suke sa musu. Kawu ya ce to a kai su ƙauye wurin Kaka. Amma na taɓa jin ka ce tattabara ba ta ɓatan gida, ko ina aka kai ta sai ta dawo, kuma ta saman filin jirgi za su biyo.

Ban san lokacin da na yi magana ba. Ni, gaban mai unguwa! Na ce zan yanke musu fiffike. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce ashe 'yar Malam Sani tana da baki. Ya yarda, amma ranar da ya ga ko ɗaya ta haye katanga, shi ke nan.

Jiya na ɗauki almakashin Inna na yi, Habu yana riƙe mini. Gashin kawai na rage, ba jini, amma zuciyarsu tana bugawa a tafin hannuna kamar za ta fito. Yanzu suna yawo a ƙasa kamar kaji. In jirgi ya wuce sai su karkata kai su duba sama da ido ɗaya. Gashin zai sake tsirowa, zan sake yankewa. Na kyauta, ko da ka fi so in bar su su tafi?

Ban taɓa gaya maka ina son su ba. Kullum ta bayan labule nake leƙenka kana fito, in ka waiwayo in gudu. Ka ɗauka ƙyamar kashinsu nake yi. Da na fito sau ɗaya, da ka koya mini.

Tukunyar Ɗan Tawa na bar ta a buɗe. Ina so ya dawo in san ba shi ba ne, kuma ina tsoron hanyar da zai biyo. Yau da safe, da jirgi ya wuce, na zaga bayan ɗaki inda ba mai ganina, na tsuke baki yadda kake yi. Iska ce kawai ta fito. Gobe zan sake gwadawa.

Allah ya haskaka makwancinka, Baba.

'Yarka Rakiya, wadda kake ce wa Mai Shiru